Darasi na Bakwai: Gano Ma'anar da Ke Ƙarƙashin Waƙa

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:
1. bambance ma'anar sarari da ma'anar ɓoye a cikin waƙa;
2. gane kamantawa da siffantawa da alamtarwa da habaici da zambo idan ya ji su;
3. kawo hujja a kan duk fassarar da ya yi wa waƙa;
4. auna waƙoƙin yau da ma'aunin da ake auna na da.

1. ABIN DA KUNNE KE JI DA ABIN DA HANKALI KE KAMAWA

A unguwar Atrone, cikin gunduma ta 7 ta birnin Injamena, waƙa ba ta da wuyar samu. Tana tashi daga rediyon mai shayi, daga wayar masu babur ɗin haya da ake kira kilando, daga gidan biki da gidan suna. Ana jin ta da Larabcin Chadi, da Faransanci, da harsunan kudu, da kuma Hausa. Da yawa daga Hausawan birnin zuriyar fatake ne da mahajjatan ƙasa, waɗanda suka bi hanyar gabas ta Barno zuwa Sudan tun birnin yana amsa sunan Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973. Ba su saki waƙoƙin gida ba. Abin da da ake kawowa a kaset daga Kano da Katsina da Damagaram, yau yana isowa ta waya a ranar da ya fito. To amma jin waƙa daban, fahimtarta daban. Mutum yana iya haddace waƙa kaf, yana rera ta a kan babur, bai san cewa da wani ake ba, wani lokacin ma da irinsa ake.

Abin da wannan darasi ya tsaya a kai shi ne: waƙa mai kyau tana ɗauke da ma'ana hawa-hawa, kuma ma'anar ƙasa ba abin da mai sauraro ya ga dama ba ce, sai an kafa mata hujja. Wannan ba ilimin 'yan jami'a kaɗai ba ne. Matar da ta ji maƙwabciyarta tana yi wa kaza faɗa a tsakar gida, ta gane da ita ake, ta riga ta san rabin darasin nan. Abin da ya rage mata shi ne sanin sunayen dabarun, da koyon yadda ake tabbatar da abin da aka hango.

AKWATIN MA'ANA NA 1
Ma'anar sarari: abin da kalmomin waƙa suka faɗa kai tsaye, wanda ko yaro zai gane.
Ma'anar ɓoye: abin da mawaƙi yake nufi a ƙarƙashin kalmomin, wanda sai an yi tunani ake kai masa.
Jigo ko turke: babban saƙon da waƙa take zagayawa a kansa, kamar yabo, soyayya, gargaɗi ko siyasa.

Kalmar jigo masu nazarin rubutacciyar waƙa suka fi amfani da ita, irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo. Kalmar turke kuwa Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yaɗa ta a nazarin waƙar baka. Dukansu sun koyar a Jami'ar Bayero ta Kano. Duk wadda ɗalibi ya riƙe a cikin biyun ta wadatar.

2. YADDA MAWAƘI KE ZANA HOTO DA KALMOMI

Hanya ta farko da ma'ana ke samun zurfi ita ce a ɗauko abu a aza shi kusa da wani. Idan mawaƙi ya ce wane kamar zaki yake, ya kamanta. Idan ya jefar da kalmar "kamar" ya kira shi zaki kai tsaye, ya siffanta, kuma wannan ya fi nauyi, domin ya bar wa mai sauraro aikin gano inda mutum da zaki suka haɗu. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, sun gina yawancin yabonsu a kan wannan dabara. Sarki yakan zama giwa ko zaki ko bajimi, abokan hamayyarsa kuma su zama ƙananan dabbobi. A lura cewa zaɓin dabbar ba na kara zube ba ne. Giwa tana nuna girman da ba a turewa, zaki yana nuna kwarjini, kura tana nuna haɗama haɗe da tsoro, dila yana nuna wayo. Bahaushe ya san waɗannan halaye tun daga tatsuniya, shi ya sa kalma ɗaya take ɗaukar abin da za a yi dogon bayani a kansa. Wanda bai tashi da tatsuniyar ba zai ji sunan dabba kawai ya wuce.

AKWATIN MA'ANA NA 2
Kamantawa: gwada abu da wani ta hanyar kalmomi irin su kamar, tamkar, awa, ya fi.
Siffantawa: kiran abu da sunan wani kai tsaye, ba tare da kalmar kamantawa ba.
Alamtarwa: ambaton abu domin ya tsaya a madadin wani babban al'amari, kamar rawani a madadin sarauta, ko lalle a madadin aure.
Mutuntarwa: ba wa abin da ba mutum ba hali ko aikin mutum.

Misali na 1. An tsara waɗannan layuka ne domin wannan darasi:

Logon ya taho da nasa ruwan,
Shari ya tarye shi bai ce daga ina ba,
In sun wuce Kusiri, wa zai raba?

A sarari labarin ƙasa ne, kuma gaskiya ne: kogin Logon yana haɗuwa da Shari a nan Injamena, daura da garin Kusiri na Kamaru, su zama ruwa ɗaya har Tafkin Chadi. Amma kogi ba ya tarye baƙo, ba ya kuma tambayar asali. Tun da aka ba shi aikin mutum, an buɗe mana ƙofa mu nemi mutane a bayansa. Idan zabiya ce ta rera layukan a bikin Bahaushe da 'yar wata ƙabila, kogunan biyu ango da amarya ne, tambayar ƙarshe kuma gargaɗi ce ga dangin da ba su so auren ba. Idan a taron sasanta al'umma aka rera su, kogunan sun koma al'ummomi biyu da ke zaune a ƙasa ɗaya. Kalmomin ba su sauya ba. Wurin da aka faɗe su shi ya yanke hukunci.

3. HABAICI DA ZAMBO

A nan ne waƙar Hausa ta fi nuna ƙwarewa, don haka za mu ɗan jima. Al'ummar da ta girmama kunya da kawaici, wadda ba a son ƙarami ya dubi idon babba ya faɗa masa laifinsa, dole ta samo hanyar da magana mai ɗaci za ta isa ba tare da an yi fito-na-fito ba. Habaici shi ne wannan hanyar. Ana faɗin hali, a ɓoye suna. Wanda ake da shi ya sani, 'yan unguwa sun sani, amma ba shi da abin riƙewa, domin da zarar ya tanka ya tona kansa. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Zambo ya fi habaici fitowa fili. Shi yakan zana kamannin mutum ko wata tawaya tasa har a gane shi, don a muzanta shi. A waƙoƙin fada, yawancin zambo da habaici suna faɗawa ne a kan 'yan sarkin da suka nemi gadon sarauta suka rasa, ko masu jiran gado. Saboda haka waƙar da baƙo zai ɗauka yabo ce zalla, a kunnen 'yan fada labarin rikicin gidan sarauta ne.

Mata suna da nasu fagen. Kiɗan ƙwarya na amada, wanda Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa ta shahara da shi har rasuwarta a 2013, cike yake da habaici ga kishiya da malalaciyar da ba ta da sana'a. Mai sauraro na nesa yana jin raha da shewa. A ƙarƙashinsu akwai magana babba a kan zaman gidan miji, da dalilin da ya sa mace take bukatar kuɗin kanta. Wannan dabara ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Mawaƙin Chadi Maître Gazonga, wanda ya rasu a 2006, ya yi suna a shekarun 1980 da waƙarsa ta Les Jaloux Saboteurs, wadda ta dira a kan mahassada masu ɓata wa mutum al'amari. Kowane mai sauraro yana da mahassadan da zai sa a gurbin, kuma wannan yana cikin abin da ya sa waƙar ta daɗe ana jin ta.

AKWATIN MA'ANA NA 3
Habaici: suka ko gargaɗi a kaikaice, ba tare da ambaton sunan wanda ake nufi ba.
Zambo: muzanta mutum ta hanyar zana kamanninsa ko halinsa yadda za a gane shi.
Sakaya zance: faɗin abu da wata kalma mai sauƙi domin kunya, ko tsoro, ko wasa da hankalin mai sauraro.

Misali na 2. Waɗannan ma na darasi ne:

Tukunyar aro, daina cika baki a murhu,
Mai ita na tafe, za a sauke a wanke.

A ce mai sayar da ƙosai ce a kasuwar Dembe take rera wannan tana juya mai. A sarari maganar tukunya ce. Sai dai tukunya ba ta cika baki, ko da yake tana da baki, kuma wannan wasa da kalma shi ne alamar farko cewa da mutum ake. Kalmar "aro" tana tuna mana karin maganar da ke cewa zanen aro ba ya rufe katara, wato abin da ba naka ba ba ya ɗorewa. Saura mu tambaya: wane ne yake riƙe da abin da ba nasa ba yana taƙama? Idan uwargida ce ta yi tafiya amarya ta mallake gida, amarya ce tukunyar. Idan wani aka ba riƙon shugabancin 'yan kasuwa ya fara ɗaga kai, shi ne. Ɗalibin da bai san halin da ake ciki ba yana iya cewa habaici ne ga mai riƙon ƙwarya, kuma ya yi daidai. Idan ya ƙara da kama sunan wani ba tare da shaida ba, ya fita daga nazari ya shiga tsegumi.

Sakaya zance kuwa, misalinsa sananne yana wurin Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa ta ƙasar Katsina. A waƙarsa da aka fi sani da Sha Ruwa, ruwan da ake magana a kai ba na randa ba ne, giya ce. Yaro yana iya rera ta a gaban iyayensa bai san abin da ya ɗauko ba.

4. SHAIDU UKU

Duk fassarar da aka yi wa waƙa tana bukatar shaida, kuma wuraren neman shaidar uku ne. Na farko cikin waƙar kanta: wace kalma ce ta ƙi zama daidai a ma'anar sarari, kamar kogi mai tambaya ko tukunya mai cika baki, kuma sauran layukan waƙar sun goyi bayan abin da muka hango? Na biyu al'ada: me wannan dabba ko kaya ko launi yake nufi a wurin masu harshen? Na uku lokaci da wuri: wa ya yi waƙar, wa aka yi wa, me ke faruwa a lokacin? Shaida ta uku ita aka fi mantawa, ita ce kuma ta fi warware rikici. A 2009 an kama Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, a Kano, bisa zargin fitar da waƙar Hasbunallahu ba tare da izinin hukumar tace finafinai ta jihar ba. Wanda ya ji waƙar yau bai san tarihinta ba zai ce addu'a ce, kuma addu'ar ce. Amma ta fito ne a lokacin da mawaƙa da 'yan fim suke cikin takun-saƙa da hukumar, don haka jama'a suka ji ta a matsayin kai ƙarar masu takura musu wurin Allah.

5. ABIN DA MASU JA SUKE CEWA

Wani zai ce waƙa ta nishaɗi ce, a bar mutane su yi rawarsu, wannan tone-tone wahalar da kai ne. Gaskiya ne akwai waƙar da ba ta wuce kiɗa da amshi ba, kuma ba laifi ba ne a ji daɗinta a haka. Sai dai fahimta ba ta rage daɗi. Ku dubi gidan biki lokacin da zabiya ta saki habaici: waɗanda suka gane su ke shewa da guɗa, waɗanda ba su gane ba suna rarraba ido. Waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, tana ba da dariya idan an tsaya a kamannin yaron mota. Wanda ya saurara da kyau zai ga an ɗauko ƙaramin ma'aikacin da ba mai kula da shi an sa shi a tsakiyar fage, a zamanin da yawancin waƙa ta sarakuna ce da attajirai. Wannan mai sauraron ya yi dariyar, ya kuma tafi da abin tunani.

Wani kuma, galibi dattijo, zai ce zurfi ya tafi da su Shata, waƙoƙin yaran yanzu ba komai cikinsu sai soyayya da kiɗan kwamfuta. A cikin wannan magana akwai gaskiya. Sutudiyo ya sauƙaƙa yin waƙa, har wanda bai mallaki harshe ba yana iya fitar da ita cikin yini guda, kuma ana yawan maimaita hotuna iri ɗaya, zuciya da hawaye da fure, har sun suɗe. Amma a tuna abu biyu. Waƙoƙin da da muke ji yau su ne waɗanda suka tsira, marasa ƙarko na zamaninsu an manta da su, don haka muna gwada zaɓaɓɓun jiya ne da tarkacen yau gaba ɗaya. Sannan shi kansa Shata mawaƙin tasha ne da kasuwa da dandali, akwai masu yi masa kallon mawaƙin 'yan duniya, kafin Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Adalci shi ne a ɗauki waƙar Nura M. Inuwa ko Hamisu Breaker ko Fati Nijar a yi mata tambayoyin da ake yi wa ta Ɗanƙwairo. Wadda ta amsa tana da zurfi, wadda ta kasa ba ta da shi, ko a wace shekara aka yi ta.

Misali na 3. Ga layukan darasi masu kayan zamani:

Na sa kati na kira, aka ce ba ta kusa,
Ga ta ko a zaure, tabarma ɗaya muke.

Babu giwa babu zaki, waya ce da kati. Amma layi na biyu ya rushe ma'anar sarari ta layi na farko: wanda kuke tabarma ɗaya da shi ba a kiransa a waya. Nisan da ake nufi na zuciya ne.

Ja na uku ya fi sauran ƙarfi. Mai shi yana cewa idan aka buɗe wannan ƙofa kowa zai ɗora wa waƙa abin da ke ransa, a laƙaba wa mawaƙi maganar da bai yi ba. Wannan haɗari ne na gaske, kuma yana haddasa gaba a unguwa, musamman lokacin siyasa, inda kowane ɓangare ke jin habaici a waƙar da ba ta san da shi ba. Maganinsa shaidu ukun nan ne. Waƙa tana iya ɗaukar ma'ana biyu ko uku, kamar yadda muka gani a misalin koguna, amma ba ta ɗaukar kowace ma'ana. Wanda ya ce layukan Logon da Shari a kan tsadar gero suke, sai ya nuna mana kalmar da ta kai shi can. In ya kasa, a ajiye fassararsa. Haka nan ba dole ne sai mawaƙi ya amsa da bakinsa ba, domin mai habaici ba ya amsawa, in ya amsa ya ɓata sana'arsa.

Akwai kuma masu guje wa waƙa saboda addini, suna ganin shagala ce. Darasin nan bai zo yanke hukunci a kan wannan ba, fagen malamai ne. Amma ko su suna da bukatar wannan ilimi. Malaman jihadi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, da waƙa suka karantar da jama'a, Imfiraji ta Aliyu Namangi kuma har yau ana rera ta. Uban da bai iya gane sakayayyen zance ba, ba zai san abin da ke cikin wayar ɗansa ba, zai hana mai tsabta ya ƙyale mai guba. A Atrone abin ya ƙara nauyi, domin yaro yana tashi da Larabcin Chadi a titi, Faransanci ko Larabci a makaranta, Hausa a gida. Irin wannan yaro yakan riƙe Hausar ciniki da gaisuwa, amma karin magana da habaici su ne farkon abin da ke zube masa. Zama da shi a saurari waƙa ɗaya, a tambaye shi da wa ake, darasin harshe ne da ba ya bukatar allo ko kuɗin makaranta.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne bambancin ma'anar sarari da ma'anar ɓoye? Kawo misali daga maganar yau da kullum.
2. Wane ne ya kamanta, wane ne ya siffanta: wanda ya ce "Ladi kamar tauraruwa take", ko wanda ya ce "Ladi tauraruwa ce"? Wanne ya fi nauyi, kuma don me?
3. Bambance habaici da zambo. Me ya sa wanda aka yi wa habaici yake shan wuyar mayar da martani?
4. A Misali na 1, wace kalma ce ta nuna cewa ba koguna kaɗai ake nufi ba?
5. Lissafa shaidu uku da ake kafa fassarar waƙa da su. Wacce ce ta fi amfani wajen fahimtar waƙar Hasbunallahu ta Alan Waƙa?
6. Wani ya ce duk waƙoƙin zamani holoƙo ne. Ka yarda ko ba ka yarda ba? Kafa hujja da waƙa ɗaya da ka sani.
7. Tsara layi biyu a kan ambaliyar da ta ci unguwannin Injamena a 2022, yadda za su ɗauki ma'ana ta biyu. Karanta wa abokin zamanka, ka ji ko zai gano ta.
8. Aikin gida: zaɓi waƙa ɗaya da ake yawan ji a gidanku, ta Hausa ko ta Larabcin Chadi. Tambayi wani dattijo ko dattijuwa abin da suka fahimta, ka tambayi wani matashi, ka rubuta amsoshin biyu. Ku zo da su aji mako mai zuwa, kowa da shaidarsa.